Malfa da jan rawani: yadda Nana Asma'u ta kai karatu ɗakin matar ƙauye

Duk wanda ya zaga garuruwan Arewa zai ci karo da sunan Nana Asma'u a jikin allunan makarantun 'yan mata, da na Islamiyyu, da ɗakunan kwanan ɗalibai. Ka tsayar da ɗaliba ka tambaye ta wace ce mai sunan, za ta ce maka 'yar Shehu Usmanu ce, malama ce, ta yi waƙoƙi. Duk gaskiya ne. Sai dai Shehu yana da 'ya'ya mata da dama, kuma malamai sun yi yawa a cikinsu. Yayarta Hadiza, mahaifiyar Abdulƙadir ɗan Tafa, malama ce ta a-zo-a-gani, ƙanwarta Maryam ma haka. Abin da ya fid da Asma'u daban shi ne wata matsala da ta tarar, wadda har yau ba mu gama da ita ba, da dabarar da ta bi ta shawo kanta babu ginin aji, babu albashin malami. A kan wannan dabarar nake son mu zauna.

An haife ta a Degel a 1793, tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da Usaina za a kira ta, amma Shehu ya raɗa mata Asma'u. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama ƙwarai, sauran matan Shehu suka riƙe ta. Degel ƙauyen malamai ne a lokacin, kuma a gidan da ta tashi karatun mace abu ne na yau da kullum. Shehu ya sha suka a kan haka. Tun yana yawon wa'azi wani malami, Mustafa Goni, ya aiko masa da waƙa yana zarginsa da haɗa maza da mata a wurin karatu. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya mayar da amsa, cewa barin mata cikin jahilci ya fi abin da ake gudu muni. A Nurul Albab kuwa shi da kansa ya caccaki malaman da ke tara almajirai a zaure safe da yamma, alhali matansu da 'ya'yansu na cikin gida ba su san ko hukuncin alwala da salla ba, an mayar da su kamar kayan aikin gida, a yi ta amfani da su, in sun fashe a jefa a juji. Da wannan magana a kunnenta ta girma.

Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804. Daga nan ƙuruciya ta ƙare. Yaƙoƙin Tabkin Kwatto, Tsuntsuwa, Alwasa, tafiya da yunwa da cuta, har zuwa faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808: duk ta gan su daga ɓangaren mata, ɓangaren da ke jiran a dawo da labari ko da gawa. An ruwaito cewa a Tsuntsuwa kaɗai mahaddata Alƙur'ani kusan 200 suka kwanta dama. Yarinyar da ta ga yadda ilimi ke salwanta a wuni guda ba za ta ɗauke shi abin da zai tsare kansa ba.

A cikin waɗannan shekaru aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato, aminin yayanta Muhammadu Bello. Ta haifa masa 'ya'ya maza, cikinsu har da Abdulƙadir da ya gaji wazircin. Gidan Waziri gida ne na baƙi da wasiƙu. Giɗaɗo ne ma ya sauki Baturen nan Clapperton a zuwansa na 1824. Da Shehu ya rasu a 1817, Asma'u na cikin waɗanda suka ɗauki nauyin tattara rubuce-rubucensa. Wanda bai san littafin wancan zamani ba zai raina aikin. Takarda kayan fatake ce, daga ƙetaren hamada ake kawo ta. Littafi kuma warwara yake, ba ɗinki, shafi bisa shafi, a rufe da tadarishi, a ɗaure, a zura a gafaka. Gafakar nan ta sha rataya a bayan raƙumi, ta sha ruwan sama, ga gara na jira. In shafi ɗaya ya fita daga muhallinsa, sai wanda ya san littafin ciki da bai ne zai mayar da shi. Nan ta ƙware. Ta san Larabci da Fulatanci da Hausa, tana jin Buzanci. A 1820, tana da shekara 27, ta rubuta littafinta na farko da Larabci, Tanbihul Gafilina.

Da ta tsaya a nan, da malama ce cikin malamai, sai masu bincike su riƙa ambatonta. Abin da ya juya akalarta shi ne halin da ƙasar ta shiga bayan yaƙi.

An ci Alƙalawa, amma yaƙi bai ƙare ba. Gobirawa da Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya sun koma arewa, Kabawa na yamma, hare-hare ba su yanke ba har zuwa yaƙin Gawakuke a 1836 da bayanta. Bello ya yi ta kafa garuruwan ribaɗi irin su Wurno, yana zaunar da mutane. Kowane yaƙi kuma yana kawo kamammu, mafi yawansu mata da yara, a raba su gidaje da gandaye. Sai aka wayi gari ƙasar da aka kafa da sunan gyaran addini cike take da matan da ba su taɓa zama gaban malami ba. Wasu sun musulunta jiya-jiya, wasu musulmi ne na gado amma Fatiha ma da ƙyar. Hausa suke ji, alhali karatun manyan gidajen Sakkwato da Larabci da Fulatanci ake yin sa. In ciwo ya kama ɗayansu, ko haihuwa ta zo da gardama, ko kishiya ta hana ta sakat, inda ta sani shi ne wurin 'yan bori. Kuma waɗannan matan su ke goyon 'ya'yan gobe, har da 'ya'yan sarakuna da na malamai.

To ta yaya za a kai musu karatu? Matar aure mai goyo ba za ta bar miji da tukunya ta yi tafiyar kwana biyu zuwa birni ba, ko ta so ba za a bar ta ba. Malami namiji ba zai shiga ɗakinta ba. Takardar da za a raba wa kowa babu ita, in ma akwai, wa zai karanta? Baitulmali kuwa yaƙi ya cinye shi. Ita kanta Asma'u matar Waziri ce, ba mai yawon ƙauyuka ba. Kowace ƙofa ka duba a rufe take.

Sai ta lura da mutum biyu da al'ada ba ta ɗaure wa ƙafa ba: tsohuwar da ta gama haihuwa, da yarinyar da ba ta isa aure ba. Su biyun nan suna fita ba wanda zai ce don me, suna shiga kowane gida ba sai an yi musu iso ba. A kansu ta gina tsarin da aka sani da 'Yan Taru, wanda ya kankama a shekarun 1830. A kowane gari ana zaɓen dattijuwa mai hankali da riƙon amana, wadda matan garin suka riga suka yarda da ita, ta zama shugaba. Da ɗan gari akan ci gari. Sunan da aka ba ta shi ne jaji. Wanda ya san fatauci ya san kalmar: a ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro, jaji ne ke gaba, shi ya san hanya da mashaya da zango. Muƙamin maza ne, na masu jakuna da takubba. Asma'u ta ɗauko shi ta ɗora wa tsohuwar ƙauye.

Naɗin ma abin kallo ne. Za a kawo malfa, babbar hular kaba mai faɗin baki irin ta matafiya, Asma'u ta naɗe ta da jan rawani, ta ɗora wa jajin a ka, ta sa mata albarka. Ga mu a yau wannan ado ne kawai. Ga Bagobirar wancan zamani kuwa magana ce da ba ta bukatar tafinta, domin malfa alama ce ta Innar Gobir, 'yar gidan sarauta da ke shugabantar mata da 'yan bori a ƙasar. Duk macen da ta tashi a Gobir ta san in mai malfa ta iso ana durƙusawa. Asma'u ba ta ce a ƙone malfa don ta taɓa zama a kan shugabar bori ba. Ta bar wa mata alamar da suka saba girmamawa, ta canza kan da ke ƙarƙashinta da abin da ke fitowa daga bakin. A ganina, a duk abin da ta yi babu inda basirarta ta fito fili kamar nan, kuma masu wa'azi da yawa a yau ba za su iya wannan haƙurin ba. Da sun fara da haramta hular.

Idan an kawar da amfanin gona hanya ta bushe, jaji za ta tara ayarinta, tsofaffi da 'yan mata, su kamo hanyar Sakkwato a ƙasa, kaya a ka. Matan auren da aka bari a gida ba a bar su haka nan ba, kowacce tana ba da abin da ta samu a kai sadaka: zuma, man shanu, hatsi, zare ko ƙyallen saƙi. Su isa gidan Waziri, a ba su masauki, a shigar da su ɗakin Nana. Nan za ta saurari abin da suka zo da shi na tambaya, nasu da na waɗanda suka aiko su, ta warware, ta biya musu waƙa baiti-baiti har ta zauna, ta fassara abin da ke ciki. Sadakar da suka kawo kuma ba ta kwana a rumbunta, ana rarraba ta ga mabukata. Bayan 'yan kwanaki ayari ya juya. Abin da jaji ta ɗauko a ka, shi za ta bi gida-gida tana saukewa, a tsakar gida, ana sussuka ko kaɗi ana biyawa.

Waƙa ce littafin makarantar, kuma da gangan aka zaɓe ta. Ba ta cin takarda, ba ta jiƙewa, gara ba ta cin ta, ga amsa-amo da ma'auni da ke tsare ta: in mai rerawa ta yar da kalma, kunne zai ji baitin ya gurgunce. Mace na iya riƙe ta hannunta na kan dutsen niƙa. Dubi wata gajeruwar waƙarta da ake kira Sunago. Ba komai a cikinta sai sunayen surorin Alƙur'ani 114, an jera su cikin baitoci. Ta fara yin ta da Fulatanci, ta mayar da ita Hausa, daga baya ta yi ta Larabci. Malami zai ce wannan ai ba wani ilimi ba ne. Amma matar da ta haddace ta ta san abin da ke cikin Littafin daga farko har ƙarshe, in an ja sura a gabanta ta san sunanta da muhallinta, kuma jaji ta samu ƙugiya 114 da za ta rataya bayani a kai. Haka ta mayar da waƙar Shehu ta Fulatanci zuwa Hausa, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa, mai jan kunnen masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa kan zalunci da ha'inci. Wato matar ƙauye ba tsarki da salla kaɗai aka koya mata ba, an sanar da ita cewa hakimi ma yana da iyaka. Akwai Goɗaben Gaskiya, akwai waƙoƙin begen Annabi da tarihinsa, akwai na tsoratarwa kan tsayuwar Alƙiyama, waɗanda ba ta sassauta harshe a cikinsu ko kaɗan ba. Ƙaninta Isa, autan Shehu, ya taya ta mayar da wasu daga Fulatanci zuwa Hausa. Abin da ya iso gare mu na rubutunta ya kai kimanin 60.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce Tawassuli ga Mata Masu Albarka. Bello ne ya rubuta littafi da Larabci kan salihan mata na tarihin Musulunci, ya nemi ta mayar da shi waƙa, ta yi da Fulatanci a 1836, da Hausa a shekarar da ta biyo. Ta kawo matan Annabi da 'ya'yansa, ta kawo su Rabi'atul Adawiyya. Sannan ta ƙara abin da ya zama nata: matan da masu sauraro suka sani da ido, irin su Habiba mai karantar da mata, da 'Yar Hindu mai sulhunta masu rigima. Ta jera su a sahu ɗaya da waliyyan Basra da Misira. Haka kuma cikin marsiyyoyinta, bayan na Bello da na mijinta Giɗaɗo, akwai wadda ta yi wa maƙwabciyarta Halima, mace ce kawai mai kirki da zumunci, akwai kuma wadda ta yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u. A zamanin da alƙalami ke bin sarakuna da mayaƙa, 'yar Shehu ta zauna ta ɓata takarda mai tsada a kan tsohuwar da aikinta shi ne jan ayarin mata. Ba don wannan marsiyya ba, da sunan Hauwa'u ya bi iska kamar na sauran.

Batun bori kuwa, ta gane abin da masu hani da yawa ba su gane ba: mace ba ta zuwa wurin 'yan bori don sha'awa, ciwo ke kai ta, ko tsoro, ko baƙin cikin da ba ta da wanda za ta faɗa wa. In ka hana ta ba ka ba ta madadi ba, za ta koma da dare. Don haka a 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwan, inda ta tattara surori da addu'o'in da ake karantawa don ciwo, da naƙuda, da tsoro, da talauci, da tafiya. Da fari ya matsa ta yi waƙar roƙon ruwa da Hausa. Ta soki bori da kakkausar murya, amma ba ta bar gurbinsa fanko ba.

Karatun kuma bai tsaya a baki ba. An san 'Yan Taru da wankan gawar mata, da jinyar marasa lafiya, da taimakon mai haihuwa, da sharar masallaci, da sasanta ma'aurata, da kai ɗauki ga marayu da gajiyayyu. Ba mai biyan su ko wuri. Wannan hidimar ce ta sa mazajen ƙauye ba su ga jaji a matsayin mai zuwa ta hure wa matansu kunne ba. Wadda ta yi wa mahaifiyarka wanka ranar da ta rasu, da wane baki za ka hana ta shiga gidanka?

Kada yabo ya rufe mana ido. Da yawa daga matan da aka karantar, yaƙin gidan su Asma'u ne ya raba su da garuruwansu da mazajensu. Ita kuma ba 'yar kallo ba ce a wannan yaƙi, ta yi waƙoƙin murnar nasara, har da ta Gawakuke. Karatun 'Yan Taru rahama ne ga matan, kuma a lokaci guda hanya ce ta ɗinke waɗanda aka ci da yaƙi cikin sabuwar daula, su manta Inna su bi Nana. Duka biyun gaskiya ne, kuma wanda ya faɗi ɗaya ya ɓoye ɗaya bai yi wa tarihi adalci ba. Sannan tsarin ya fi ƙarfi wajen haddacewa da fahimta. Alƙalami da tawada sun fi zama a hannun matan gidajen malamai. Ga kuma gata: 'yar Shehu ce, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri. Wata malamar da ba ta da wannan rumfa, da ta ɗora wa tsohuwa hular Inna, da wuya ta kwana lafiya.

Duk da haka, gata kaɗai ba ya bayanin daɗewar abin. Bello ya rasu a Wurno a 1837, Atiku ya zo ya wuce, Giɗaɗo ya rasu, Aliyu Babba ya yi shekara 17 ya wuce, ayarin mata bai fasa zuwa ba. Dalili, a nawa hange, shi ne babu abin da tsarin ke jira daga fada. Malamarsa 'yar garin ce, ajinsa tsakar gida, lokacinsa lokacin da matan suka ga dama, guzurinsa daga rumbunsu. Ka gwada shi da azuzuwan yaƙi da jahilci da muka sha gani: a kawo malama daga birni wadda ba ta san kowa ba, a sa darasi daidai lokacin ɗora tukunyar dare, a raba littattafai ranar buɗewa a ɗauki hoto, alawus ya tsaya wata uku, aji ya watse. Islamiyyun matan aure da suka bazu a birane tun shekarun 1980 sun fi kusa da ruhin abin, shi ya sa suka kama ƙasa, amma su ma sai mace ta fito ta je. Wadda ke can rugar da babu Islamiyya, ko wadda miji ya ce ba ta fita, har yanzu tana inda Asma'u ta same ta.

Ta rasu a 1864 tana da shekara 71, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare. Ƙanwarta Maryam ta karɓi jagorancin 'Yan Taru, bayanta Ta Modi ta ɗora. Turawa suka ci Sakkwato a Maris 1903, suka shigo da nasu tsarin makaranta, rahotanninsu suka yi ta maganar jahilcin matan Arewa, alhali su jaji na ci gaba da shigowa birni da malfunansu ta gefen ofisoshinsu. Takardunta kuwa suna nan a unguwar Giɗaɗawa ta Sakkwato hannun zuriyarta, har suka iso ga Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997. Shi ya buɗe wa Jean Boyd gafakokin, wata malamar makaranta 'yar Ingila da ta zo Nijeriya a 1955 ta daɗe a Sakkwato, daga baya ita da wata mai bincike 'yar Amurka, Beverly Mack, suka tattara ayyukan suka buga. Da Boyd ta bi ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato tana neman ragowar labarin, fiye da shekara 100 bayan rasuwar mai waƙoƙin, ta tarar da tsofaffi da ake kira jaji, kuma da aka ce su rera, suka rera.